Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Halvard

Karo na farko da motar Halvard ta ɗauke wuta, a tsakiyar ramin dutsen da hanya ta ratsa tsakanin ƙauyensu da gari ne, da rana tsaka. Fitilu suka mutu, rediyo ya yi shiru, injin ya bi sahu, sitiyari ya sandare. Tsoho ɗan shekara saba'in da tara ya zauna cikin duhu yana jin ruwa na ɗiga daga rufin dutsen. Ya murɗa makulli, mota ta tashi lafiya lau, kamar ba ita ta yi aika-aikar ba.

Ba yawo ke fitar da shi ba. Matarsa Borghild shekararta biyu a gidan kula da tsofaffi a gari, kilomita talatin da huɗu daga gida. Mantuwa ta cinye mata sunayen 'ya'ya da jikoki, saura shi kaɗai, kuma ma'aikatan gidan sun faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa zuwansa kullum ne ke riƙe da wannan ɗan zaren. Ƙarfe biyu take zama bakin taga, da ta ji ƙarar makullansa daga baranda sai ta ce, "Ga nawa nan." Bas kuwa Talata da Juma'a kawai take shiga ƙauyen.

Makullan nan abin kallo ne. Gida sha bakwai ne a ƙauyen, huɗu kaɗai ke fitar da hayaƙi lokacin sanyi. Masu sauran sun koma biranen Bergen da Oslo, sai bazara su zo su yi sati uku suna yabon shirun wurin. Duk mai tafiya Halvard yake bar wa makulli, don ya riƙa leƙawa kada bututun ruwa ya daskare ya fashe, kowane makulli da ɗan katako mai sunan gidan. Da kakar bana aka ƙara masa na tsohon ɗakin addu'a, wani gabjejen ƙarfe mai tsawon cokali. Duka a zobe ɗaya suke da na motarsa. Amana ce, ko 'yarsa bai taɓa bari ta riƙe su ba.

Da motar ta maimaita sau uku a sati ɗaya, ya kai ta garejin Oddvar, bakaniken da ya sani tun yana da gashi a ka. Ya zare makullin motar daga zoben kamar yadda ya saba, ya miƙa shi kaɗai, sauran ya mayar aljihu.

Oddvar ya gwada batir, ya goge kawunansa, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ƙarƙashi ya duba wayoyin da gishirin narkar da ƙanƙarar titi ke ci. Ya hau motar ya bi gargada ya dawo.

"Halvard, motar nan ta fi ka lafiya," in ji shi.

"To ƙarya nake yi?"

"Ni ban ce ba. Amma tunda ta zo ko tari ba ta yi ba. Ko dai kai ne kake ɗauke wuta?"

Suka yi dariya, suka sha kofi a tsaye. A hanyar gida, daidai gadar katako, ta mutu.

Daga nan Halvard ya shiga zargi. Ya zargi batir, aka sa sabo. Ya zargi ɓera da cin wayoyi, ya shimfiɗa ragar waya ƙarƙashin motar. Ya zargi gishiri, ya zargi sanyi, har man da ake sayarwa a gari bai tsira ba. Ya sami littafi yana rubuta rana da wuri da yanayin gari duk lokacin da ta yi. Sau huɗu yana mayar wa Oddvar ita, sau huɗu yana zare makullin ya miƙa, ita kuwa ta natsu a gaban bakanike kamar mutuniyar kirki. A zuwa na huɗu Oddvar bai yi masa wasa ba. Kujera ya jawo masa, yana magana a hankali, wannan kuwa ya fi wa Halvard ciwo.

Ran nan a gangaren bakin ruwa ta ɗauke wuta yana cikin kwana. Sitiyari ya ƙi juyawa, birki ya yi tauri, motar ta tafi salin-alin ta kafa hanci a tarin dusar ƙanƙara. Ko ƙwarzane bai yi ba. Sai dai mai motar share ƙanƙara daga hanya ya gani, kafin la'asar labari ya isa Bergen.

'Yarsa Ragnhild ta iso daga can kashegari. Ta yi masa wainar fulawa da cuku, ta jira ya ci, sannan ta zauna gabansa.

"Baba, na yi magana da Oddvar. Ya ce babu abin da ya sami motar."

"Oddvar bai san hagunsa da damansa ba."

"Da can batir ne, sai ɓera, sai gishiri. Yanzu kuma Oddvar." Ta ɗauki littafin ta buɗe, ta ga layi-layi na ranaku da rubutu mai rawa, ta rufe da sauri. "Haka Mama ta fara, ka tuna? Murhu ne ya lalace, agogo ne ke ƙarya."

Ya tuna sarai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko cikin ramin dutse, saboda shi kansa ya soma tambayar ko shi ne ke kashe motar bai sani ba.

"Ki hau ta," ya ce. "Sati guda. In ba ta mutu a hannunki ba, ki yi yadda kika ga dama."

Ya zare makullin ya ba ta. Kwana bakwai tana kai shi wurin mahaifiyarta tana dawo da shi, ta ramin dutse, ta gadar katako, ta gangaren bakin ruwa. Shi yana gefe, makullai a cinya, yana roƙon Allah motar ta mutu ko sau ɗaya. Ko fitila ba ta ƙifta ba.

Ranar Lahadi da safe Ragnhild ta tafi da motar zuwa Bergen, idanunta jajur. Ta ce akwai bas, ta ce za ta riƙa kiransa kullum. Ya tsaya bakin ƙofa har ƙarar injin ta ɓace, sumul, babu ko gargada.

Ya shiga ya rataya makullan a ƙusar da ke bayan ƙofa. Ƙusar ta daɗe da karkacewa, yau kuwa ta zare gaba ɗaya, makullai suka zube ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ji nauyinsu a tafin hannu, ya dubi ramin da ƙusar ta bari ya yi faɗi. Ya daɗe tsaye a wurin. Wannan nauyin ne ke lilo a ramin makullin mota a kowace gargada da kowace kwana, tun kaka. Kuma duk wanda ya taɓa gwada motar, shi da hannunsa ya cire masa nauyin kafin ya ba shi.

Ya kira ta a waya.

"Ragnhild, na gano. Makullai ne. Nauyinsu ke jan ramin, wuta ta yanke. Ki juyo, ki rataya su ki gani da idonki."

Yana jin rediyon motarsa na yi a bayanta.

"Makullai kuma," ta ce a hankali. "To, Baba. Ka sha maganinka na safe?"

"Ki saurare ni mana, ƙusar ma ta faɗi."

"Wace ƙusa? Baba, ina tuƙi. Ka kwanta ka huta, zan kira ka in na isa."

Ya kira Oddvar. Shi ma ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba mamaki, Halvard, ba mamaki," da muryar da ake lallashin majinyaci.

Ranar Talata dusar ƙanƙara ta rufe hanya, bas ba ta zo ba. Sai Juma'a ya isa gidan tsofaffin, ƙarfe uku da rabi. Tun daga baranda ya fito da makullan yana kaɗa su da gangan. Borghild tana bakin taga, ta juyo, ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Kai ma makullai gare ka. In ka haɗu da mijina a hanya, don Allah ka ce masa ina nan ina jira."