Waken Iya Mai Toka

"Ki ɗauke tukunyar nan yau, kin ji ko? Yau na ce!"

Iya Mai Toka ce ke min faɗa daga kan tabarma, murya duk ta shaƙe. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, gonakinmu ma iyaka ɗaya. Kwananta tara a kwance.

Tukunyar na bayan ƙofa, an liƙe bakinta da laka. Irin wake ne a ciki, ja mai ɗigon fari, an cuɗe shi da toka da busasshen barkono don kada ƙwaro ya shiga. Tun kakarta ake shuka shi. Ba ruwansa da takin zamani, ba ruwansa da feshi, kashin akuya ya ishe shi. Duk unguwa ita kaɗai ta rage da shi. Mu masu wayo mun koma irin kanti, wanda sai an yi masa feshi sau huɗu, baɗi kuma a sake sayowa. Ni ma har dariya na sha yi mata, Allah ya yafe min. Bara da ruwa ya ɗauke da wuri, nawa ya bushe ƙurmus, nata ya yi.

"Haba Iya, in kwashi kayanki kina numfashi? Mutane su ce me? Ki warke mu buɗe tare."

"Mutane ne za su ciyar da ke? Wannan kaɗai ya rage a duniya, 'yar nan. Ɗana direba ne, bai san iri ba, bai san na ci ba."

Na gyara mata matashi, na share ɗakin tas, na fita hannu rabbana. Wai ni mai kunya.

Washegari da hantsi ta cika.

Direba ya iso da matarsa, yarinya mai kirki da zafin nama, ba ni da abin da zan ce a kanta. Gida ya cika maƙil da masu gaisuwa. Sau biyu tukunyar ta faɗo min a rai, sau biyu na ce ba yau ba, a bari hawaye ya bushe tukuna.

Kwana na biyu da azahar aka shigo mana da kwanuka. Ina buɗe murfi sai ga wake. Ja ne, ɗigon farin bai gama ɓacewa ba.

Na kira matar direban. "Ke, wannan waken daga ina?"

"A bayan ƙofa na same shi, Yaya. Baƙi sun yi yawa, abinci ya gaza. Amma toka kam! Sau biyar ina wankewa."

"Duka kika dafa?"

"Duka mana. Ko bai ji gishiri ba ne?"

Matar mai sayar da maganin feshi tana gefena, har tana siɗe yatsu. "Kai, wannan wake da garɗi! A wane shago ake samunsa?"

Wallahi na so in kifa mata kwanon a ka. Amma wa zan zaga? Matar da ta ciyar da baƙi? Sai da Iya ta roƙe ni da bakinta, na tsaya sharar ɗaki. Haushin kaina ya fi na kowa ci na.

Na tashi na zagaya bayan madafa. Ga tukunyar a kife, bakinta a fashe. Inda aka zubar da ruwan wanki ƙasa ta yi caɓi da toka, kaji sun riga ni. Na kore su, na durƙusa da mayafina ina tona laka da farce.

Ƙwaya bakwai na samu. Sun jiƙa sun kumbura, biyu har sun fara tsagewa, suna neman ƙasa yau ɗin nan. Damina kuwa saura wata biyu.

Na riƙe su a tafin hannu, na ɗaga kai. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Daga cikin gida ina jin ana kankare gindin tukunya.