Baba Bitrus a Makarar Masallaci

"Ba za a fitar da ita ba," in ji Malam Manzo, ladanin masallacinmu. Ya tare ƙofar ɗakin da ake ajiye makara.

"Wa ya ƙera ta?" in ji Gajere.

"Ban tambaye ka ba."

"A garejin Baba Bitrus aka yi mata walda, Malam. Ni na kawo ta nan da hannuna."

Gajere direban Baba Bitrus ne. Baba Bitrus ya rasu da safe. Shi ke da injinan niƙa na Belbeji, da kamyo biyu, manyan motocin kaya masu kai gero Damagaram. Kirista ne. Ran Lahadi yakan rufe komai ya tafi cocinsu, ɗaki guda mai rufin kwano, shi ya gina. Da azumi da ƙanƙararsa muke shan ruwa. Rijiyar bayan kasuwa ma shi ya haƙa wa makiyaya.

Yau kamyo ɗaya na Agadas, ɗaya ba taya. Mazan cocin huɗu ne har da fasto, ɗaya gurgu. Akwatin gawar ba shi da mariƙi.

Malam Manzo ya dubi ƙasa. Sai ya ce zai je alwala. Ya bar ɗan makulli jikin kwaɗo.

Muka ɗora akwatin kan makara. Na kama gaba ta dama, Gajere ta hagu. Unguwa duka ta fito. Mu dai ba mu iya ɗaukar gawa a hankali ba. Sauri muke yi, wannan ya saki wancan ya karɓa. 'Yan coci kuwa waƙa suke, suna tafe kamar masu rakiyar amarya. Kafin kasuwar dabbobi mun daina jin su.

Sai da muka sauke makarar gindin aduwa, Hassan mai haƙar kabari ya fito yana kallonmu, sannan muka gane inda muke. Maƙabartarmu ce. Ƙafa ta saba. Ta Kiristoci tana can bayan lakwal, wato makarantar boko, tun hantsi aka haƙa masa kabari a can.

Fasto ya iso yana haki, littafinsa a hammata. Bayansa matar mamacin, Mama Ladi, da Malam Manzo, alwalarsa ba ta bushe ba.

Mama Ladi ta bi kaburburan da ido.

"Ga Mato mai shayi can," in ji ta. "Ga Mustafa tela. Duk 'yan hirarsa suna nan."

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Fasto ya buɗe littafinsa ya rufe. Hassan ya jingina da shebur. Kafaɗata na zogi.

Gajere ya dubi ladan, ya dubi fasto.

"To, mu ɗaga shi, ko mu bar shi?"