Yankan Garzali

A Limanti kowa ya san Garzali ba ya cin nama. Shekara goma sha biyu yana yanka a mayanka, har shekarar annobar bushiya, ciwon shanu, lokacin da aka riƙa jawo masa shanu suna zubar da hawaye da majina. Daga nan ya ajiye wuƙa ya koma wake da ganye, ko ƙwai ba ya taɓawa. Kaltum, mai marayu huɗu da ke haya a gida ɗaya da shi, ta tsane shi tsana mai tsanani, don ko ƙashi ta jefa a miya sai ya toshe hanci kamar an ƙona taya.

Wata Talata da hantsi akuyarta tilo ta afka wa buhun gero. Ciki ya kumbura tim, ta faɗi tana shure-shure. Mazan gidan duk sun fita nema sai Garzali, kuma a unguwar ba mai cin yankan mace. In akuyar ta mutu haka ta zama mushe, yara kuwa rabonsu da nama tun Babbar Salla.

Dole Kaltum ta buga ƙofar da ta rantse ba za ta taɓa bugawa ba.

"Malam Garzali, don Allah fito ka yanka mini."

"Na daina," in ji shi daga ciki.

"Ka daina? Shanu dubu nawa ka kwantar? Sai kan akuyar marayu tsoron Allah ya kama ka, munafuki!"

"Ke da kika bar buhu a buɗe, ke kika kashe ta."

Akuyar ta yi wani kuka mai ban tausayi. Sai ga shi ya fito, fuska a murtuke. Ya karɓi wuƙa, ya shafa wuyan dabbar, ya ja sau ɗaya. Kaltum bakinsa take kallo, leɓensa ko motsi bai yi ba.

"Ban ji bisimillarka ba."

"Ban yi ba, kuma da gangan. Na raba ta da wahala ne, tukunyarki ba ruwana."

Kaltum ta waiga ko'ina, ba wanda ya ji sai su biyu.

"Allah ya isa," ta ce, ta fizge wuƙarta.

Ranar yara suka ci nama har suka ture kwano. Kaltum ko romo ba ta kurɓa ba.