Akwatin da ke Jikin Bangon Gogo

Ruwan da ke cikin kofin Gogo yana rawa shi kaɗai. Abin da Ni'mat ta fara gani ke nan da ta shiga gaida kakarta, a gidan kawunta Muntari da ke unguwar Alsahafa. Tsohuwar tana kwance a gadon igiya, ta juya wa bango baya. Daga bayan bangon kuwa wani gurnani ke tasowa, dum, dum, har cikin haƙori.

"Kwana huɗu ke nan," in ji Gogo. "Sai in ga kamar Abdullah ne a ciki."

Abdullah shi ne autanta, wanda aka sauke daga bas aka kai yaƙin Kudu, bai dawo ba.

Ni'mat ta karanta lantarki a jami'a, shi ya sa Kawu ya kira ta tun daga Umdurman ta daidaita masa kayan kallon da ya sayo a Jidda. Ta same shi a ɗakin baƙi da wani hafsan soja, Tariq, suna cin wake da mai, suna kallon fim ɗin yaƙi. Duk rimot ɗin ya yi maiƙo.

"Ga injiniyarmu!" in ji Kawu. "Zo ki nuna mana abin da aka koya muku."

Ta goge rimot da gefen mayafinta, ta shiga saitin na'urar. Lasifika biyar ne, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, amma mai shago ya sa su a matsayin manya. Saboda haka kaurin sauti yana shiga cikinsu suna karkarwa, yana kuma shiga babban akwatin bes mai fitar da gurnani, wanda aka manna da bangon Gogo.

Ta mai da su ƙanana a saitin, ta sa iyakar kaurin sautinsu a lamba tamanin, yadda duk kaurin zai tafi akwatin shi kaɗai. Sannan ta rage masa ƙarfi, ta ja shi tsakiyar ɗaki. Nan take maganar 'yan fim ta fito tas.

Tariq ya suɗe yatsa ya yi gyatsa. "Alhaji, ina bom ɗin? Ni ban ji shi a ƙirjina ba. An yi wa kayanka kaciya."

Kawu ya yi dariyar yaƙe, ya fizge rimot.

"Kawu, Gogo ce," in ji Ni'mat a hankali. "Ɗakinta girgiza yake yi."

"Gogo ai ba ta ji. Sai na yi ihu take amsa sallama."

"Wannan ba da kunne ake jin sa ba, Kawu. Ta ƙashi yake shiga."

"To, malama, mun gode. Je ki taya su dafa gahawa."

Ya tura akwatin da ƙafa ya koma jikin bango, ya ƙure shi. A fim ɗin jirgi ya saki wuta a kan wani ƙauye, tagogi suka amsa. Tariq ya buga cinya yana cewa yanzu ya ji magana, wake na tsalle daga bakinsa. Ni'mat ta kau da kai wajen ƙofa.

A nan ta hango Gogo a tsakar gida. Ta lulluɓe, buta a hannu ɗaya, ƙullin magungunanta a ɗayan. Ba ta dubi ɗakin baƙi ba. Ta zare sakatar ƙofar gida, ta fita rana, ta jawo ƙofar a hankali don kada ta dame su.