Ɗakin da Dada Ta Nemi a Buɗe

"Riƙe ta da kyau, Babayo, ba buhun gyaɗa ba ce!" in ji Dokas.

Babayo direba ya sauko da Dada Suwaibatu daga akori-kurarsa a ƙofar cikin gidan sarauta. Nan iyakarsa, namiji ba ya wucewa. Dokas ta durƙusa ta goya tsohuwar. Ba ta fi nauyin yarinya ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a unguwar Shamaki. Dokas Batangaliya ce, Kirista, tela. Tun da ciwo ya kwantar da Dada, ita ke dama mata kunu, ita ke juya ta. Jikokin tsohuwar kuwa zamanin kuɗin fetur ya ɗauke musu hankali: kowa da sabon babur, amma babu mai lokacin tsayawa a kan kakarsa. Abin kunya ne, ba shi da wani suna.

Da safen nan Dada ta ƙi kunu, ta ce a kai ta fada. A can akwai tsohon ɗakin ƙasa inda matan gidan ke zaman takaba. Ita ma a ciki ta yi nata tana matashiya, lokacin da mijinta na fari, ɗan gidan, ya rasu.

Lami, tsohuwar jakadiya mai riƙe da mabuɗi, ta tare su a tsakar gida.

"Yaya Suwaiba! Ke ce a bayan mutum kamar jaririya?"

"Ni ce. Ke ma saura kaɗan. Buɗe min ɗakin."

Fara'ar Lami ta ɗauke. "Kin fi ni sani. Ba a buɗe shi sai an yi rashi. In na buɗe yau, wani ya kwanta gobe, ni za a kalla."

"Inna, daga Shamaki fa muke," in ji Dokas. "Tun jiya ko ruwa ba ta sha ba."

"'Yata, ba rowa nake yi ba. Kiran mutuwa ne."

Dada ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wa zai kira ta? Ai tare muka zo, Babayo bai ma karɓi kuɗin motarta ba. Tawa ce, Lami, ba ta kowa ba." Ta numfasa. "Maza sun san kabarin mijina na fari. Ni mace ce, ban taɓa ganinsa ba. Inda na sani ke nan, ɗakin nan. Bari in yi masa addu'a in tafi."

Lami ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta yi bisimilla, ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta.

Ɗakin da sanyi, yana ƙanshin ƙasa da tsohon turare. Ba komai ciki sai tabarmi a naɗe da randa a kife. Dokas ta tsaya a bakin ƙofa, tana shakka ko ya dace irinta ta shiga.

"To a nan za ki jefar da ni?" in ji Dada. "Shiga mana."

Dokas ta zaunar da ita a kusurwar da ta nuna. Dada ta jingina da bango, ta ɗaga tafukanta, leɓɓanta suna motsi. Dokas ta sunkuyar da kai ta yi irin tata addu'ar a zuci. Da tsohuwar ta shafa, fuskarta ta washe.

"Mutum ne mai son dariya," ta ce. "Ga rowar goro." Sai ta dubi Lami. "Gidan nan an daina ba baƙo fura ne?"

Aka kawo fura, Dada ta sha rabin ƙwarya. A hanyar komawa har tana yi wa Babayo faɗa a kan gudu.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Dokas tana taje mata kai, Dada ta cika. Aka yi mata sutura, maza suka ɗauke ta. Dokas ta raka su da ido har suka sha kwana.

Da la'asar sai ga Lami ta zo gaisuwa, ta tako tun daga fada. Ta zauna kusa da Dokas a tabarma, ta ciro goro ɗaya ta fasa, ta miƙa mata ɓari. Suka zauna suna tauna, inuwar katanga tana matsowa kan ƙafafunsu.