Jan Katin Fikri

Fikri ya miƙa hannun hagu, wanda ciwon bai taɓa ba, ya zaro jan katin ninki ya ajiye a tebur. Madam Sausan, matarsa kuma abokiyar wasansa, ta zuba wa katin ido.

Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bai furta kalma ba, likita ma ya ce da wuya in yana gane mutane. Ita ta nace ta turo kekensa zuwa gasar birij ta la'asar a kulob ɗinsu na Iskandariya. Birij wasan kati ne na mutum huɗu, biyu-biyu, ana yin tayi da ƙananan katuna ba da baki ba. Mai kula da gasar ya yarda da ƙyar, ya ce in Fikri ya rikita wasa ko sau ɗaya, sai dai ya koma ɗan kallo.

Ita ta buɗe tayi, wato cinikin yawan zagayen da ɓangare zai ci. Dakta Wadi'u, abokin hamayyar da ke hagunta, ya tsoma baki da tayin bastoni ɗaya, katin baƙin ganye. Shi ne Fikri ya ninka.

"Allah sarki," in ji Wadi'u, yana kurɓar shayi. "Madam, jan ne ya burge shi. Mu kira mai kula ya janye masa, ba abin kunya ba ne."

"Dakta, sha shayinka."

A zamanin ƙuruciyar Fikri, ninki na nufin abu ɗaya ne: zan kayar da kai. Amma a shekarar aurensu suka yi yarjejeniya a kicin, tana soya kifi, cewa in abokin hamayya ya tsoma baki da bastoni, ninki na nufin ina da koba huɗu, katin jar zuciya, zo mu haɗa. In bai tuna ba, tayinta zai rushe a gaban kowa, shi kuma shi da tebur har abada.

Ta dube shi. Idanunsa na kan taga, yawu na taruwa a gefen bakinsa. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Duk da haka ta zaro kati, ta yi tayin koba huɗu.

"Kai, Madam! Da girmanki?" in ji Dakta.

Wadi'u ya jefa katin farko. Yanzu doka ta ce Fikri ya baje nasa a fili. Ya shiga sauke su ɗaya bayan ɗaya. Koba. Koba. Koba. Ya tsaya, ya laluba, ya sauke ta huɗu, ya jera su a damansa yadda ake yi.

"Ikon Allah," in ji Wadi'u a hankali, ya ajiye kofin. "Ashe yana nan."

Hawaye ya rufe wa Sausan ido, har a zagaye na uku ta jefa katin sarki inda ƙaramin kati ya isa. Sai Fikri ya juyo daga taga, ya harare ta, ya ja dogon tsaki, irin wanda ya hana ta sakat tsawon zamansu.

A doka, wanda ya baje kati ba shi da izinin ko tari mai ma'ana. Wadi'u kuwa, da ke kiran mai kula a kan ƙaramin abu, sai ya sunkuyar da kai yana ta gyara katinsa.