Farar Rundunar Chizuru

Mutum biyar ƙungiyarmu ta wasan yaƙi da sojojin dalma ta kora cikin shekara biyu, kuma babu wanda aka buɗe baki aka ce wa ya tafi. Doka ta huɗu ce ta kore su: sojan dalmar da bai sha fenti kala uku ba, ba ya hawa tebur. Sabon shiga zai zo da zumuɗinsa, a leƙa akwatinsa, a yi masa murmushi, a zuba masa shayi, ya wuni yana kallon tsofaffi suna jefa 'ya'yan ludo. Wata mai zuwa sai dai labarinsa. Sau uku ina kawo takarda a taro cewa a soke dokar nan. Sau uku shugaba Horiuchi yana cewa, "Za mu duba, Sakaki-kun," ya ninke ta ya ɗora kofinsa a kai.

Duk Janairu muna buga yaƙin Rivoli, tsohon yaƙin Faransa da Ostiriya, a ɗakin taron unguwarmu a Kanazawa. Tebura uku a haɗe, tsaunuka na soso, kogi na shuɗin ƙyalle. Ni ke riƙe da Faransa a kan tudu. Ostiriya kuwa ta Kuwabara ce, tsohon mai gyaran agogo ɗan shekara saba'in da huɗu, wanda da hannunsa ya rubuta doka ta huɗu. Sati guda yake ɗauka a kan soja shida. Har maɓallan riga yake ɗiga wa abin da bai kai gaɓar yatsa ba. Tun bazara yake ƙulla dabarar da zai karya ni da ita bana.

Muna jera igwa sai ga Nagase Chizuru, direbar bas, tana kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa. Zuwanta na uku ke nan, biyun baya duk kallo ta yi. Sai da ta yi musayar ranar aiki kafin ta sami Lahadin nan. Ta buɗe akwati. Sojojin Ostiriya sittin, farare fat daga hula har takalmi, shafen farko kawai suka samu.

"Da ma rigar Ostiriya fara ce," na yi sauri na ce.

Horiuchi ya ƙyalƙyale da dariya. "Fuskar fa, lauya? Bindigar fa? Fatalwa za mu yaƙa yau?"

"Ba komai, shugaba," in ji Chizuru tana sunkuyawa. "Zan yi kallo." Ta fara rufe akwatin, idonta yana kan takalmanta a bakin ƙofa. Na san kallon nan. Ta shida ke shirin tafiya.

Raina ya ɓaci. "Ku dubi kanku! Mu tara ne, bakwai sun haura sittin. Nan da shekara goma wa zai buɗe ɗakin nan? Kun fi son tebur ya yi kyau a kan a sami mai zama a gefensa!"

Kuwabara ya nemi izinin Chizuru, ya ɗauki soja ɗaya ya kai shi kusa da tabarau.

"Kala ɗaya," ya ce. "Doka tana nan daram."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa.

"Saura kala biyu. Nagase-san, kina iya juya bas a lungun kasuwa?"

"Kullum, Kuwabara-san."

"To za ki iya juya runduna." Ya miƙa mata tef ɗin awonsa, ya nuna sojojinsa ɗari uku da ke jere a gindin tudu. "Naki ne yau. Ta gindi ake kama su, ba ta bindiga ba."

Horiuchi ya zaro ido. "Shekara ashirin ban taɓa ko dokinka ɗaya ba!"

"Hannunka maiƙon soyayyen kifi ne." Kuwabara ya juyo gare ni. "A ainihin yaƙin, akwai rundunar Ostiriya da ta zaga tsauni ta ɓullo wa Faransa ta baya. Ga ta nan a akwatin Nagase-san. Duk sojan da na ƙarasa wa fenti ya bushe, ya iso fage. Ka yarda, ranka ya daɗe janar?"

Me zan ce? Na yarda.

Ya ja kujera bakin taga, ya ba teburin baya, ya fito da buroshi da kwalba biyu: launin fata da baƙi. Ɗigo a fuska, ɗigo a hannaye, baƙi a hula da bindiga da takalmi, ya ajiye kusa da hitar ɗumama ɗaki, ya ɗauki wani. Mutumin da ke ƙirga maɓallai, yau shi ne ke yarfa fenti kamar mai shafen katanga. Ina ganin yadda yake cije leɓe duk sanda baƙi ya zarce kan farar riga. Bai tsaya gogewa ba ko sau ɗaya.

Chizuru kuwa ba ta san dabararsa ba, shi ma bai faɗa mata ba. Ta turo mahaya kai tsaye bakin igwata, na share su.

"Wayyo dawakina," in ji Kuwabara ba tare da ya waiwayo ba. "Nawa suka rage?"

"Uku. Ka yi haƙuri, Baba."

"Uku ma arziki ne. Auna kafin ki matsa, ba birki a wannan motar."

Da tsakar rana kowa ya buɗe dunƙulen shinkafarsa, Kuwabara ko kallon nasa bai yi ba. Zuwa ƙarfe biyu Chizuru ta gane wasan. Ta daina kawo hari, ta riƙe ni a tsakiya tana ja da ni taku-taku, tana satar kallon taga. Na gane abin da take jira, amma in na juya sojojina baya za ta hau tudun.

Ƙarfe huɗu saura kwata Kuwabara ya miƙe da kyar, yana dafe da ƙugu, ya kawo tire. Soja arba'in da takwas. Chizuru ta jera su a bayan sojojina, ta haɗa 'ya'yan ludo a tafi ta girgiza.

"Jefa mana, direba, fasinja na jira!" in ji Horiuchi.

Ta jefa. Igwa biyu ta ƙwace mini da tuta ɗaya. Tsofaffin nan suka yi ihu har mai gadin ginin ya leƙo. Sai da na kwaso dakarun ajiyata kaf kafin na tare ta, kuma da ƙarfe biyar ta cika tudun yana hannuna da tazarar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Muna tattara kaya Kuwabara ya ɗauki ɗaya daga cikin nata, ya yamutsa fuska. "Wannan aikin kunya ne. Bar mini su, in wanke in sake."

Ta karɓe shi a hankali ta mayar cikin akwati. "A'a, Baba. Waɗannan sun ga yaƙi, haka za su zauna. Sha biyun da suka rage ne nake so ka koya mini, ni da hannuna. Wane yaƙi ne a Fabrairu?"

"Arkole," in ji Horiuchi. "Akwai gada, akwai fadama."

Ta ciro waya ta kira ofishinsu, tana neman wanda zai karɓar mata Lahadi ta biyu.